Saye ko Riƙo: Me Ake Samu In An Ɗauko Kare ko Kyanwa Daga Gidan Yasassun Dabbobi?

A watan Fabrairun 2011 aka kai wani muzuru gida mai lamba 10 a titin Downing, fadar firaministan Birtaniya, saboda ɓeraye sun addabi wurin har kyamarar talabijin ta ɗauko ɗaya yana gilmawa ta bakin ƙofa ana tsaka da watsa labarai. Sunan muzurun Larry. David Cameron ne mai gidan a lokacin. Ya tafi, Theresa May ta zo ta tafi, haka Boris Johnson da Liz Truss da Rishi Sunak, har Keir Starmer ya shigo a 2024 ya tarar da Larry yana nan daram. Ba sayensa aka yi ba. A titi aka tsince shi, aka kai shi gidan Battersea da ke Landan, inda ake tara karnuka da kyanwoyin da suka ɓata ko masu su suka yasar, daga can kuma ma'aikatan fadar suka ɗauko shi riƙo.

Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa wannan gida a 1860 a unguwar Holloway, kafin ya koma Battersea a 1871, ya kuma fara karɓar kyanwoyi a 1883. Da ta buɗe shi, jaridar Times ta yi mata ba'a, a kan cewa yara na kwana da yunwa a titunan Landan ita kuma ta tsaya gina wa kare ɗaki. Duk Bahaushen da ya ji labarin irin waɗannan gidaje, wannan ce maganar da za ta fara zuwa bakinsa, kuma ba maganar banza ba ce. Sai dai ta tsallake asalin matsalar. Ba shagwaɓa ce ta haifi gidajen yasassun dabbobi ba, birni ne ya haife su. Duk inda mutane suka taru da yawa, shara ta taru, karnuka da kyanwoyi sukan hayayyafa fiye da yadda gidaje za su iya ɗauka, ragowar su bazu a titi suna cizo, suna yaɗa ciwon hauka. Dole hukuma ta yi wani abu da su. Tambayar ita ce me za ta yi.

Amsar da aka fara bayarwa ita ce kisa, kuma ba a ɓoye ake yi ba. A birnin New York a 1877 akwai wani ƙaton keji na ƙarfe da ake cusa karnukan da aka kamo a ciki, a ɗaga shi da ƙugiya, a nutsar a kogin East River, a fito da shi a zazzage, a sake cikawa. A Philadelphia kuwa wata ƙungiyar mata ƙarƙashin Caroline Earle White ta buɗe gida a 1869, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa a Amurka, da niyyar a riƙe dabbar har mai ita ya zo, ko a samar mata wani gida, in abin ya faskara a kashe ta ba tare da azaba ba. Tsarin da ake bi har yau ke nan, da ƙofofinsa uku na fita: mai dabba ya dawo, baƙo ya ɗauka, ko allurar mutuwa.

Shekara ɗari bayan haka ƙofa ta uku ce ta fi faɗi. Ƙiyasin da ake yi na shekarun 1970 shi ne ana kashe karnuka da kyanwoyi tsakanin miliyan 12 zuwa 20 duk shekara a gidajen yasassu na Amurka. Zuwa 2011 ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, ASPCA, wadda Henry Bergh ya kafa tun 1866, ta ƙiyasta adadin ya sauko zuwa miliyan 2.6. A ƙiyasinta na ƙarshen shekarun 2010, dabbobi kusan miliyan 6.3 ke shiga gidajen a shekara, a ɗauki miliyan 4.1 riƙo, a kashe kimanin dubu 920. Wannan kuwa ya faru ne a lokacin da yawan karnuka da kyanwoyin da ke gidajen Amurkawa ya ƙaru ƙwarai, ba raguwa ya yi ba.

Masu tallar riƙo sukan ɗauki wannan nasara su rataya ta gaba ɗaya a wuyan waɗanda suka je suka ɗauko dabba. Hakan ba daidai ba ne, kuma fahimtar dalilin shi ne mabuɗin maganar duka. Abin da ya fi rage kisan shi ne raguwar masu shigowa, abin da ya rage masu shigowa kuma shi ne tiyata: a dandaƙe namiji, a cire wa mace mahaifa. Tun farkon shekarun 1970 birane irin su Los Angeles suka fara buɗe asibitocin da ke yin wannan aiki da araha, daga baya jihohi da yawa suka sa doka cewa ba za a miƙa dabba daga gidan yasassu ba sai an yi mata, ko an ɗauki alƙawarin yi mata. Dubi lissafin kyanwa kaɗai. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa biyar, cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya huɗu ko kusa da haka. Babu yawan masu tausayin da zai iya kamo wannan gudu. Sai an toshe daga sama tukuna ɗaukar riƙo ke da tasiri. Sauran abubuwan da suka taimaka su ne daina barin kare ya yi yawo shi kaɗai, da kuma wata ƙanƙanuwar na'ura da ake sakawa ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambar da ke kai wa ga sunan mai dabba. Birtaniya ta wajabta ta ga karnuka a 2016, Ingila ta ƙara da kyanwoyi a watan Yunin 2024.

To in haka ne, mene ne amfanin mutum ɗaya da ya je ya ɗauko kare ɗaya?

Amfanin yana cikin keji. Gidan yasassu kamar ɗakin kwanciya ne na asibitin gwamnati: gadajen ƙidayayyu ne, marasa lafiya ba sa daina zuwa, kuma ba a ba wani gado sai an sallami wani. Dabbar da aka kamo daga titi, doka takan ce a riƙe ta kwanaki kaɗan, galibi ba su wuce mako guda ba, ko mai ita zai bayyana. In wa'adin ya cika ta zama ta gidan. Daga nan kwanakinta sun dogara ne da ko akwai wuri. Ranar da motar kamun ta dawo da karnuka goma alhali keji uku ne babu kowa, sai ma'aikaci ya ɗauki takarda ya zaɓi bakwai da za a kashe daga cikin tsofaffin zama. Wanda aka fi zaɓa sanannen abu ne: tsoho, babba, mai tari, mai haushi da yawa, wanda ya daɗe ba a tambaye shi ba. Saboda haka wanda ya ɗauko kare ɗaya, rai biyu ya taɓa, na wanda ya tafi da shi da na wanda zai gaji kejin. Wannan ba kalaman talla ba ne, yadda gidan ke aiki ke nan.

Akwai kuma abin da cunkoso kansa ke yi. In keji ya cika, cuta takan yi gudu: tarin karnuka, murar kyanwoyi, da wata muguwar cutar amai da gudawa da ake kira parvo wadda kan share 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Karen da ya yi watanni a kulle cikin haushin ɗaruruwan 'yan uwansa kuma halinsa kan sauya. Wani ya koma zagaye a wuri ɗaya, wani ya daina cin abinci, wani ya koma kai wa kowa hari ta jikin waya. Da ya fara haka sai masu zuwa dubawa su wuce shi, da sun wuce shi sai ya ƙara daɗewa, da ya ƙara daɗewa sai ya ƙara lalacewa. Duk abin da ya rage kwanakin zama, ya kare lafiyar waɗanda suka rage a ciki.

A nan ya kamata a bambance gidaje iri biyu, don masu neman taimako sukan cakuɗa su da gangan. Akwai na hukumar birni ko ƙaramar hukuma, wanda dole ya karɓi duk abin da aka kawo. Akwai na ƙungiyoyi masu zaman kansu, da yawansu suna kiran kansu gidajen da ba a kisa. Wannan yunƙuri ya yi ƙarfi ne daga San Francisco a 1994, lokacin da ƙungiyar kare dabbobi ta birnin ƙarƙashin Richard Avanzino ta ƙulla yarjejeniya da hukuma cewa za ta karɓi duk lafiyayyen kare ko kyanwa maimakon a kashe. Ma'aunin da aka tsayar daga baya shi ne gida ya fitar da kashi 90 cikin ɗari na dabbobinsa da rai. An yi aiki na gaske da wannan ma'auni, birnin Austin na jihar Texas ya kai shi a 2011. Amma akwai hanya mai sauƙi ta cika kashi 90: ka rufe ƙofa in ka cika, ka ƙi karɓar tsoho da mara lafiya da mai cizo. Waɗanda ka ƙi ɗin gidan hukuma za su tafi, shi zai yi kisan, shi zai sha zagi, kai kuma ka kwashi gudummawa da sunan hannunka tsarkakakke ne. A ganina, wanda ke son riƙonsa ya yi nauyi a ma'auni, gidan hukuma da ya cika maƙil ya kamata ya nufa, ba wanda ya fi kyawun hoto ba.

Amfani na biyu ba a gidan yasassu yake ba, a kasuwa yake. Kuɗin da ba ka kai wa ɗan kasuwar kwikwiyo ba, shi ma aiki ne.

Yawancin 'yan kwikwiyon da ake gani a shagunan dabbobi na Amurka, da da yawa daga waɗanda ake talla a intanet, daga manyan gidajen hayayyafa suke fitowa, inda ake tara karya da dama a keji ba su da aiki sai barbara da haihuwa. Jihar Missouri ce ta fi yin suna a wannan sana'a. Akwai dokar tarayya ta jin daɗin dabbobi tun 1966, kuma ma'aikatar noma ce ke ba da lasisi, amma mafi ƙarancin kejin da ƙa'idar ta yarda da shi ana auna shi ne da tsawon karen a ƙara inci shida, a tsaye da a kwance, sama kuma inci shida daga kansa. Karya na iya ƙare rayuwarta a cikin wannan ba a karya doka ba. In ta daina haihuwa, ta zama asara a littafin mai ita. Mai saye ba ya ganin uwar. Abin da yake gani ɗan kwikwiyo ne wankakke a bayan gilashi.

Wannan rata tsakanin mai saye da uwar ita dokokin baya-bayan nan suka nufa. Jihar Kalifoniya ta hana shaguna sayar da kare ko kyanwa ko zomo sai wanda ya fito daga gidan yasassu, daga Janairun 2019. Jihar New York ta bi sahu da dokar da ta fara aiki a Disambar 2024. A Ingila akwai dokar da ake kira ta Lucy, wadda ta fara aiki a Afrilun 2020: duk mai son kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba, sai dai ya je wurin mai kiwon kai tsaye ko ya nufi gidan yasassu, an cire dillali daga tsakani. Lucy ɗin wata ƙaramar karya ce da aka ceto daga gidan hayayyafa a Wales a 2013, ƙugunta ya sanƙare saboda zaman keji. Dokar ta zo daidai da kullen korona, lokacin da mutane suka ruga neman abokin zama a gida, farashin kwikwiyo a Birtaniya ya ninka, 'yan fasa-ƙwauri suka shiga jigilar su daga gabashin Turai. Doka ta toshe ƙofa ɗaya, buƙata ta ɓalle taga. Shi ya sa zaɓin mai saye ke da ƙarfin da doka ba ta da shi.

Kasuwar ba uwar kaɗai take cutarwa ba, har da irin. Mutane suna son kare mai ɗaɓasasshiyar fuska da manyan idanu, masu kiwo kuma suna ba su abin da suke so. A 2022 bulldog na Faransa ya zama irin da aka fi yi wa rajista a Amurka, ya ture Labrador da ya riƙe kambun shekara 31. Wannan kare ne da hancinsa ya gajarce har numfashi kan yi masa wuya, zafi kaɗan kan galabaitar da shi, kuma wani bincike a Birtaniya ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwarsu sai da tiyata, don kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwar. An ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai sayen wannan kare da dalolin dubbai sau da yawa bai sani ba sai ya fara zirga-zirgar asibiti. Ƙasar Holan ta fara aiwatar da hani a kan kiwon karnuka masu gajeren hanci a 2019, Kotun Ƙolin Norway kuma ta tabbatar da hana kiwon irin Cavalier King Charles a 2023 saboda cututtukan gado da suka game irin.

Daga nan ne aka samo maganar cewa ruwa-biyu ya fi lafiya, don haka karen gidan yasassu ya fi lafiya. Rabin gaskiya ce. Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba bayanan karnuka sama da dubu 27 masu cututtukan gado, ta fitar da sakamako a 2013. Cikin cututtuka 24, goma sun fi yawa a tsantsar iri, 13 babu bambanci, ɗaya kuma, tsinkewar jijiyar gwiwa, ya fi yawa a ruwa-biyu. Akwai rinjaye, amma ba kariya ba ce.

Abin da shi mai ɗaukar ke samu ya fi wannan sauƙin faɗa. A Amurka kuɗin riƙo kan tsaya tsakanin daloli gomiya zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma galibi ya haɗa da tiyatar hana haihuwa, da allurar rigakafi, da maganin tsutsa, da na'urar shaida, abubuwan da in a asibiti mai zaman kansa za a yi su sun fi kuɗin riƙon. Gidaje da yawa sukan rubuta a yarjejeniya cewa in zaman bai yiwu ba a dawo musu da dabbar, abin da ba kasafai ɗan kasuwa ke yi ba. Babban abu kuma shi ne damar ɗaukar babba. Kwikwiyo caca ne, ba ka san girman da zai kai ba, ba ka san halinsa ba, ga cin takalmi da fitsari a ɗaka na watanni. Karen shekara uku kuwa girmansa ya tsaya, in kuma ya zauna a gidan wani ɗan sa-kai kafin a ba da shi, akwai wanda zai gaya maka yadda yake da yara da kyanwa da baƙo. Batun lafiyar zuciya da ake yawan jingina wa riƙo, gaskiya ne Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ce a 2013 mallakar kare na iya alaƙa da raguwar haɗarin ciwon zuciya, wani bincike na Jami'ar Uppsala a 2017 a kan mutum miliyan 3.4 a Suwidin ma ya ga haka. Sai dai alaƙa ce ba hujjar sanadi ba, kuma zuciya ba ta tambayar daga ina karen ya fito.

Tsoron da ya fi hana mutane shi ne cewa dabbar da aka yasar akwai abin da ta yi. Dalilan da masu kawowa suka fi bayarwa na mutane ne: mai gidan haya ya hana, an ƙaura, kuɗin asibiti ya gagara, aure ya mutu, mai dabbar ya rasu. Amma akwai masu cizo a ciki, kuma gwajin hali da ake yi a gidan ba ya hango komai, don kare a firgice a keji ba shi ne karen da zai bayyana bayan ya saki jiki a gida ba. Fadar White House ta ba da misalin da ya dace da kowane ɓangare. Joe Biden ya ɗauko wani kare mai suna Major daga wani gidan yasassu a jihar Delaware a 2018, aka yi ta murna da shigarsa fadar a 2021, bai shekara ba aka fitar da shi bayan ya ciji ma'aikata. Aka kawo Commander, kwikwiyo ɗan asali, iri ɗaya da Major, kyauta daga ɗan'uwan shugaban. Takardun jami'an tsaron fadar sun nuna ya kai hari aƙalla sau 24 kafin a fitar da shi a Oktoban 2023. Babban kare mai kaifin tsaro a gidan da baƙin fuska ke shiga da fita dare da rana, ko daga ina ya zo, sakamakon ɗaya ne.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne lokacin da riƙo ya zama abin ado. Da kalmar ceto ta fara jawo kuɗi, sai aka samu masu kasuwanci da ita. A 2018 jaridar Washington Post ta bankaɗo cewa mutanen da ke da alaƙa da ƙungiyoyin ceto 86 sun kashe dala miliyan 2.68 wajen sayen karnuka 5,761 a kasuwannin gwanjo biyu na Missouri tun daga 2009, wato suna zuba kuɗin masu taimako a aljihun mutanen da suke cewa suna yaƙa, sannan su ba da karnukan da sunan cetattu. Wasu kuma suka koma ɗauko karnuka daga ƙasashen waje. An kawar da ciwon haukan kare irin wanda karnuka ke yaɗawa daga Amurka tun 2007, amma a 2015 da 2017 da 2019 an shigo da karnukan ceto daga Masar aka tarar suna ɗauke da shi, a 2021 kuma wani daga Azabaijan. A watan Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe sama da 100, Najeriya na ciki. Tausayin da bai tambayi takarda ba, ga inda ya kai.

Duk wannan tsari kuma yana aiki ne inda masu ɗauka suka kusa yawan waɗanda ake ajiyewa. Turkiyya ta nuna abin da ke faruwa in ba haka ba. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe karnuka kimanin dubu 80 suka zubar a wani tsibiri mara ruwa a tekun Marmara, suka mutu da yunwa da ƙishirwa, abin da mutanen birnin ba su manta ba. Dokar 2004 ta ɗauki wata hanya: a kama, a yi tiyata, a yi allura, a sa alama a kunne, a mayar inda aka ɗauko. Ƙananan hukumomi da yawa ba su yi tiyatar yadda ya kamata ba, karnuka suka ƙaru, aka samu hare-hare a kan yara. A Yulin 2024 majalisa ta sauya dokar, ta ce a kwashe su zuwa gidajen ajiya har a samu masu riƙo, a kashe masu haɗari da masu cutar da ba ta warkewa. Gwamnati ta ƙiyasta karnukan titi sun kai miliyan huɗu. A lokacin gidajen ajiya 322 ne, masu ɗaukar kusan dubu 105. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane dalilin da ya sa dubban mutane suka fito zanga-zanga suna kiranta dokar kisan kiyashi.

Mu a nan ƙasar Hausa ba mu da irin waɗannan gidaje a matsayin tsari, amma rabin maganar ba baƙuwa ba ce, domin tun asali ba mu saba sayen kyanwa ba. Ta maƙwabta ce ke haihuwa a bayan rumbu ko ƙarƙashin gado, a aiki yaro ya karɓo ɗaya, ko wata ta shigo gida da kanta a ba ta ƙashin kifi ta zauna. Akwai ma nassi a kai. Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan cin kuɗin kare, Muslim ya ruwaito daga Jabir hani a kan kuɗin kare da na kyanwa, ko da yake mafi yawan malamai sun halatta sayar da kyanwa, sun fassara hanin da wata fuska. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce an hana sayar da karnuka, an kuma yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa, wato na farauta da kiwo da gona. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, kowane ɗalibin Islamiyya ya san su. Abin da ke sabo shi ne kasuwar da ke tasowa a manyan birane, ta kyanwoyin Farisa masu dogon gashi da manyan karnukan gadi na ƙetare da ake talla a Instagram da Facebook. Wannan kasuwa tana tafiya ne a kan hanyar da aka bayyana a sama, sai dai ba lasisi ba mai dubawa, ga dabbobin da aka ƙera don sanyi an kawo su zafin watan Afrilu.

Rabin da ba mu da shi shi ne aikin da gidan yasassu ke yi kafin ya miƙa dabba, kuma wanda ya tsinci ɗan kyanwa a bola ko ya karɓi kwikwiyo daga mafarauci, wannan aiki a kansa ya faɗa. Na farko allurar haukan kare, ga kare da kyanwa duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan dubu 59 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, yaɗuwarta kan tsaya, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa allurar a nan gida. Wanda kwikwiyon da ba a san uwarsa ba ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ya nufi asibiti, kada ya tsaya jiran ganin ko kwikwiyon zai sauya.

Na biyu ita ce tiyatar, kuma a nan ne muka fi ja da baya. Wanda ke dandaƙe bunsuru ba tare da ya yi tunani sau biyu ba, in aka ce a yi wa muzuru sai ya ce zalunci ne. Malamai sun yi magana a kai, sun kuma saɓa. Risala ta halatta dandaƙar tumaki da awaki ta hana ta dawaki. Cikin malaman zamani, Shehu Ibn Usaimin ya ce in kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa, aikin kuma ba zai cutar da su ba, babu laifi, don ya fi kashe su bayan an halicce su. Abin da muke yi a madadin tiyatar kowa ya sani: a zuba uwa da 'ya'ya a buhu, a ba almajiri ko ɗan acaɓa ya kai bayan gari ya zazzage. Uwar sau da yawa takan gano hanya ta dawo, 'ya'yan ne ba sa dawowa. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna yin wannan tiyata, haka asibitocin dabbobi da dama a manyan birane, sau ɗaya ake yi kuma an gama. Kyanwar da ba a yi wa ba, kafin shekara ta zagayo mai gidan zai sake neman buhu.